Maganar da Na Kai Ofishin Baba Rabaran

Maigidana ne ya fara kawo baƙi gidanmu. Soja ne, ya ajiye kaki yana saje, muka dawo gida Zuru muka zauna a unguwar Rikoto. Lokacin yana aiki an taɓa tura su kwantar da tarzoma a wata ƙasa, can zazzaɓi ya kayar da shi, wata tsohuwa da ko yarenta ba ya ji ta riƙa dama masa kunu har ya miƙe. Ba ya son ba da labarin yaƙi, amma labarin tsohuwar nan mun ji shi har mun haddace. Don haka ranar da aka sanar a majami'a cewa ƙaramar makarantar Baibul da ke bayan gari ta fara karɓar ɗalibai daga wasu ƙasashe, ana neman gidajen da za su riƙa kula da su, ko kallona bai yi ba ya ɗaga hannu. A hanyar gida na ce masa, "Kai ka ɗaga hannu, ni zan tuƙa tuwo." Ya ce ai haka aure yake.

A farkon shekarun dubu biyu ne. Waɗanda suka fara zuwa 'yan Nijar ne su biyu, Hausarsu ta fi tamu, har suna gyara mana magana. Daga baya aka samu na Benin da na Kamaru. Kowace Lahadi in an tashi sujada sai su biyo mu gida, a shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, in kawo tuwon dawa da miyar yakuwa ko ta kuka. A ci, a yi waƙa, kowa ya koya mana ɗaya da yarensa. Mai mata in ya zo, ni ke ara wa matar tukunya da turmi, in kai ta kasuwa in nuna mata wurin wanda ba ya cika mudu da wanda ke cikawa. Wanda takardar izinin zamansa ta ƙare, maigida ya goya shi a babur su tafi a sabunta. Da haka matan zumunta na majami'armu suka sa mini suna Uwar Baƙi, sunan ya bi ni.

Shugaban makarantar shi ne kuma babban fastonmu. Baba Rabaran muke ce masa. Shi ya ɗaura mana aure. Shi ya yi wa 'ya'yana baftisma. Shekarar da ƙyanda ta kashe mini ɗana na biyu, maigida yana bakin aiki, ni kuma na zo gida da yaran, Baba Rabaran ne ya ɗauki gawar da hannunsa har bakin kabari. Bayan haka ya yi mako guda yana zuwa kullum ya zauna a ƙofar ɗakina, ba wa'azi, ba dogon zance, zama kawai. Na faɗi wannan ne don a san ba da ka na amince da mutumin nan ba.

A shekara ta uku wani ɗalibi ya zo daga kudancin Chadi da matarsa da 'yarsu ƙarama. Shi dogo ne, mai sanyin magana, ya taɓa koyarwa a firamare. Ita kuwa ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ba ta jin Hausa sai gaisuwa, ni ba na jin Faransanci ko Larabcinsu, amma cikin wata uku muna hira. A madafina ta koyi Hausa, shi ya sa har ta tafi tana haɗa ta da kalmomin yarenmu na C'lela ba ta sani ba, mutane suna dariya. Tana da hannun girki. Ita ta koya mini wata miyar kuɓewa da busasshen kifi wadda har yau jikokina ke tambaya. Murya gare ta kuma, nan da nan matan zumunta suka ɗinka mata anko suka sa ta a layin gaba. Mama take ce mini. Ni kuma ɗiyata.

Da ta samu ciki ni na raka ta awo. Zuwa na biyu aka ɗebi jininta. Zuwa na uku ma'aikaciyar ta ce in jira a waje, suka daɗe a ciki. Ta fito, muka hau babur muka dawo. Kwana huɗu ban gan ta ba. A na biyar ta shigo da hantsi ina ɓarar gyaɗa, ta zauna ta ja tiren gabanta tana ɓara, sai can ta ce, "Mama, sun ce ina da sida."

Ban gane ba da farko. A wajensu haka ake kiranta. Mu ƙanjamau muke cewa, 'yan gari kuma su ce kabari kusa. A lokacin duk wanda aka ce yana da ita an gama da shi. Ba a cin abinci da shi, ba a aron allurarsa, in ya sha ruwa a kofi sai a jefar da kofin.

Ta ce mijin ma ya je an gwada shi, yana da ita. 'Yarsu ce kawai ba ta da ita. Ban tambayi ta ina ta shigo ba, har yau ban sani ba. Na kama hannunta, duk ƙurar gyaɗa, na riƙe. Ta ce, "Mama, kada kowa ya ji. Ko Baba." Maigidana take nufi. Na ce ba mai ji.

Matsalar ita ce magani. A lokacin sai an je Sakkwato kowane wata, kuma kowa da kansa zai je a duba shi. Tafiya da bin layi da dawowa sai su ci kwana biyu. Dokar makaranta kuwa ɗalibi ba ya fashin aji sai da takardar shugaba, in ya yi sau uku babu takarda a sallame shi. Wata na farko mijin ya ce ba shi da lafiya. Wata na biyu malamin aji ya yi masa gargaɗi a gaban kowa.

Ni na kawo shawarar. Wannan ne ba na iya sauke wa kowa. Na ce mata, "Bari in gaya wa mutum ɗaya. Baba Rabaran. Shi zai ba mijinki takarda, ba wanda zai ƙara tambaya."

Ta girgiza kai. Ta ce a garinsu ta ga abin da aka yi wa wata mata a majami'a.

Na ce, "Wannan ba irinsu ba ne. Uba ne. Na san shi tun kafin a haife ki."

Ta ce, "Mama, kin tabbata?"

Na ce, "In ya tona, ni na tona."

Daga baya ta ce za ta gaya wa mijinta. Washegari ya zo da kansa, ya tsaya a bakin madafi ya cire hula, ya ce, "Mama, duk yadda kika gani."

Na sami Baba Rabaran a ofishinsa da safe. Da na fara magana ya tashi ya rufe ƙofa, ya rufe taga. Ya saurare ni har na gama. Ya cire tabarau ya goge ido. Muka durƙusa ya yi addu'a mai tsawo, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya har da wanda ke ciki. Da muka tashi ya ce, "Uwar Baƙi, maganar nan ta mutu a ɗakin nan." Ya rubuta takarda cewa ya ba ɗalibin wani aiki na musamman da zai riƙa kai shi Sakkwato duk wata, ya buga hatimi.

Kuma gaskiya ya riƙe, har wata bakwai. Sau ɗaya ma da motar makaranta za ta Sakkwato ya sa aka tafi da su. Suka fara cikowa, tarin mijin ya tsaya. Ta haihu namiji. A asibiti aka ce kada ta ba shi nono, muka ce wa mata ruwan nonon ne bai zo ba, tsofaffi suka yi ta kawo saiwoyi, muna karɓa muna godiya muna zubarwa. Na riƙa ce mata, "Kin gani? Ban gaya miki ba?" Ita kuma ta yi murmushi.

Ƙarshen shekara aka yi bikin yaye ɗalibai. A wannan karon Turawa uku suka zo daga ikilisiyar da ke tallafa wa makarantar, maza biyu da mace ɗaya. An kafa rumfuna a filin makaranta, an ɗauko lasifika, mutane sun zo daga Ribah da Kanya da ƙauyukan kan dutse. Ni ina baya wajen tukwane, mu muka dafa shinkafar baƙi. Matan zumunta suna zaune a gefen dama cikin anko, ɗiyata a layin gaba da jariri a bayanta. Mijinta yana cikin ɗaliban aji biyu.

Baba Rabaran ya tashi ba da rahoton shekara. Da Turanci yake yi saboda baƙi, wani malami yana juyawa da Hausa. Ya yi maganar sabon ɗakin karatu, ya yi maganar rijiya. Ina zuba miya ina ji da rabin kunne. Sai na ji tafinta ya ce, "Mu a nan ba wa'azi kaɗai muke yi ba, muna nuna ƙaunar Almasihu ga waɗanda duniya ta ƙi." Baba Rabaran ya ƙara wata magana. Tafinta ya yi shiru. Ya juya ya kalle shi. Baba Rabaran ya yi masa alama da hannu ya ci gaba. Malamin ya sauke murya, amma lasifika ba ta san sauke murya ba.

"A cikinmu akwai ɗalibin da ya zo daga Chadi. Shi da matarsa suna ɗauke da cutar ƙanjamau. Ba mu kore su ba. Mun rungume su, muna kai su karɓar magani kowane wata."

Iyali ɗaya ne daga Chadi a duk makarantar. Iyali ɗaya ne a duk Zuru, a iya sanina.

Turawan suka tafa. Baturiyar ta ciro hankici. Wasu a cikin taro suka bi su da tafi don sun ga manya na yi, amma yawanci juyawa suka yi suna nema da ido. Ni ludayi na hannuna, miya tana ɗiga a ƙafata ban ji zafi ba. Daga inda nake ina hango layin gaba. Matar da ke damanta ta ja kujera. Ta hagu ta tashi kamar za ta gyara zane, ba ta dawo ba. Ɗiyata ba ta motsa ba. Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta yi kuka ba. Ta juyo a hankali tana duba wajen tukwane har idonta ya faɗa cikin nawa.

Da aka kira matan zumunta su yi waƙa ta tashi tare da su, ta yi waƙar har ƙarshe, da fili a kowane gefenta. Sannan ta kama hannun 'yarta ta bar wurin.

Na bi ta ɗakinsu a gidajen ɗalibai masu iyali. Ƙofa a rufe. Na yi sallama sau uku. Mijin ne ya fito, ya ja ƙofar a bayansa. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, yau ba za ta iya ba."

A gida maigida ya ce, "Kin sani?" Na ce na sani. Ya ce, "Wa ya gaya wa Rabaran?" Na ce ni. Ya zauna a bakin gado. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Sa mayafinki."

Ba mu samu ganin Baba Rabaran ba sai da baƙi suka tafi, bayan kwana biyu. Ya karɓe mu da fara'a, ya ce shinkafa ta yi daɗi. Na ce, "Baba, ka ce maganar ta mutu a ɗakin nan."

Ya ce, "Ai ban kira suna ba."

Maigida ya ce, "Baba, 'yan Chadi nawa ne a makarantarka?"

Fuskarsa ta canja. Ya ce mu ba mu san nauyin da ke kansa ba. Ya ce mutanen nan sun zo daga nesa, suna so su ga abin da ake yi, kuma a ƙasarsu yanzu maganar cutar nan ce ke taɓa zuciya. Ya ce saboda abin da ya faɗa sun yi alkawarin gina ƙaramin asibiti, wanda zai taimaki mutane da yawa, har da su 'yan Chadin. Ya ce ba a kunna fitila a rufe ta da kwando. Ya ce lokaci ya yi da ikilisiya za ta daina ɓoye-ɓoye.

Na ce, "To me ya hana ka tambaye su?"

Ya ce, "Da sun ƙi."

Haka ya faɗa, kai tsaye, yana kallona. Ya san za su ƙi. Ba suɓutar baki ba ce, ba tsufa ba ne. Ya zauna ya rubuta a takarda, ya ba tafinta lasifika.

Na ce, "Ni na rantse musu da kai."

Ya ce, "Uwar Baƙi, kin yi abin da ya dace da kika zo wurina. Sauran ki bar wa Allah." Ya miƙa hannu mu yi addu'a. Maigida ya tashi ya fita. Ni na tsaya, amma ban rufe ido ba. Ban taɓa kallon fuskarsa yana addu'a ba sai ranar.

Abin da ya biyo baya ba a buƙatar dogon bayani. A famfon gidajen ɗalibai, in ta ajiye bokiti sai layi ya watse. Matan da ke kai mata ɗinkin hannu suka aiko yara su karɓo yadinsu. 'Yarta ta dawo daga makarantar Lahadi tana tambaya me ya sa aka ce ta zauna a benci ita kaɗai. Shugabar zumunta, wadda muka yi shekara ashirin muna waƙa tare, ta zo gidana ta ce mata suna tambaya ko da kwanukan da 'yan Chadi ke ci nake zuba wa kowa. Na ce da su ne, kuma ita ma ta ci a ciki ba sau ɗaya ba. Ta tafi tana tofar da yawu.

Lahadin farko na tuƙa tuwo kamar kullum. Ɗalibai tara ke zuwa lokacin. Biyu suka zo, 'yan Nijar ne. Suka ci, suka ɗauki kwano ɗaya suka ce za su kai musu. Kwanon ya dawo a wanke. Ban san ko an ci ba.

Sau biyar ina zuwa ƙofarta. A na ƙarshe ta buɗe. Kaya a ɗaure, katifar da na ara musu a naɗe a jingine da bango, tukunyata da turmina a gefe. Na durƙusa a ƙasa, ni da na haife ta, na ce, "Ɗiyata, ki yafe mini."

Ta ce, "Tashi, Mama. Ba kyau."

Na ƙi tashi. Sai ta zauna a kan ƙullin kaya muka yi daidai. Ta ce, "Na san ba ki so haka ba. Amma na ce miki a'a. Kin ce uba ne." Ta gyara wa jaririn hula. "Ni ban san shi ba. Ke na sani."

Mijin bai ƙarasa karatu ba, saura shekara ɗaya. Maigida ne ya kai su tasha, sawu biyu a babur. Ni ta ce kada in zo. A Lahadin da ta biyo aka sanar a majami'a cewa ɗan'uwanmu ya koma ƙasarsa saboda dalilan iyali, a sa shi cikin addu'a.

An gina asibitin, ɗaki biyu. Ranar buɗewa aka aiko in jagoranci girki, na ce ƙafata na ciwo. Haka na ce ranar da Baba Rabaran ya yi ritaya aka yi masa babban biki. Ban bar majami'ar ba, a nan aka binne ɗana, a nan iyayena suka yi sujada. Amma na koma bencin baya, kuma in shi ke raba gurasa da ruwan inabi na jibin Ubangiji sai in zauna a wurina. Ya lura. Bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa zuwa ba. Ko da ya kwanta ciwon ajali na je na gaishe shi tare da mata, ya riƙe hannuna ya ce Uwar Baƙi, na jira ko zai ƙara wani abu. Ya tambayi lafiyar jikoki.

Ɗalibai sun dawo cin tuwon Lahadi a hankali, sababbi da ba su san labarin ba. Na ci gaba da dafawa har makarantar ta daina samun 'yan waje. Matansu sun gaya mini abubuwa da yawa a madafin nan, na miji da na ciki da na gida. Ko maigida bai ji ɗaya ba.

Bayan kamar shekara huɗu da tafiyar 'yan Chadin, lokacin waya ta shigo hannun kowa, wata rana da rana tsaka wayar maigida ta yi ƙara da wata doguwar lamba. Mijin ɗiyata ne. Ya samu lambar wajen ɗaya daga cikin 'yan Nijar. Ya ce ya koma koyarwa, suna samun magani a kusa da su yanzu, yaron an gwada shi ba shi da komai, har ya shiga makaranta. Maigida ya miƙo mini. Muka gaisa, na tambayi yara. Sannan na ce, "Tana kusa?"

Ya ce tana nan. Na ji ya kira ta da yarensu. Na ji muryarta daga nesa, ta amsa da 'yan kalmomi, da ƙarar turmi. Ya dawo kan waya ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Mama, hannunta da aiki. Ta ce a gaishe ki."